Maijegon da Magani Kaɗai Bai Ishe Ta Ba: Nazarin Wani Lamari a Birnin Zariya

Matar da wannan nazari ya shafa ta yarda in ba da labarinta, da sharaɗin kada sunanta ya fito, kada kuma a gane gidansu. Don haka zan riƙa ce mata maijego, ko da yake ta daɗe da fita jego. Shekarunta 34, haifaffiyar cikin ganuwar Zariya ce, an yi mata aure tana da shekara 16, kuma haihuwar da ta kusa tafiya da ita a daminar 2024 ita ce ta bakwai. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa, a nan na haɗu da ita bayan an sallamo ta daga babban asibiti.

Abin da ke rubuce a katinta a bayyane yake: ciwon zuciyar nan da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, inda tsokar zuciya ke yin rauni ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ga kuma hawan jini a kai. Likitoci sun gano ciwon daidai, sun rubuta maganin da ya dace, ta samu sauƙi, aka sallame ta. Ba a rufa wata biyu ba jikin ya sake rikicewa. Dalilin wannan komawa baya shi ne abin da nake son a duba, domin ba a cikin katin yake ba, a gida yake.

Gidan da ciwon ya same ta

Babban gida ne irin na cikin birni, zaure ɗaya, sassa da dama. Sashensu na kusa da na uwar mijinta, wadda kowa ke ce wa Inna. Tun da wuri zan faɗi wani abu, don na san inda tunanin mai karatu zai nufa: maijego ba ta da kishiya, mijinta bai taɓa ɗaga mata hannu ba, surukarta kuma ba ta tsane ta ba. Babu mugu a wannan labari. Shi ya sa ma na zaɓe shi.

Mijin tela ne, mai aikin wuyan riga da keke. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, janaretan shago ya gagari tayarwa, masu kawo ɗinki kuma suka ja baya sai lokacin Sallah. Ya tattara ya koma Abuja shagon wani abokinsa, yana turo abin da ya samu ta hannun mai POS, wani mako a samu, wani mako shiru. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin 100, ma'ana abin da ya turo bara ya isa cefanen mako, bana da ƙyar ya kai kwana biyar. Giɓin ita ke cike shi da allura da zare. Kamar yawancin matan kulle na birni, aikin hannu take yi wa manyan riguna. Dillaliya ta kawo mata, ta duƙufa makonni a kan aska takwas guda, a biya ta, ta zuba adashe, ta sayi sabulu da man gyaɗa.

Tana da cikin wata biyar mahaifiyarta ta rasu. Duk wanda ya san zaman aure a ƙasar Hausa ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ce kaɗai wurin da mace za ta je ta sauke abin da ke ranta ba tare da maganar ta zaga gari ba. A zaman makoki duk wadda ta shigo sai ta ce mata, ki yi haƙuri, kada ki yi kuka ga ki da tsohon ciki. Ta haɗiye.

Awo sau biyu ta je. A na biyun aka ga jininta ya hau, aka ba ta magani, aka ce ta dawo bayan mako biyu. Ba ta koma ba. Da na tambaye ta daga baya, ba ta ce an hana ta ba. Fita sai da izinin miji, mijin kuma yana waya, kuma ta san ba zai hana ba. Amma neman izinin awo daidai yake da neman kuɗin mota da na kati da na magani, ita kuwa ta san halin da yake ciki, nauyinsa take ji. Ga shi yinin da aka ɓata a layin awo yini ne da allura ta kwanta. Ta haihu a gida hannun ungozoma, kamar yadda ta saba.

Wannan ba sabon labari ba ne a Zariya, kuma a nan garin ma an taɓa auna shi da alƙaluma. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa, aka wallafa sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su a rirriƙe, kuma macen da ta yi karatun boko ta fi tsira. Likitan haihuwa ne, amma abin da ya ƙare yana kira a kai shi ne a sa 'ya'ya mata makaranta. Maijegonmu a aji huɗu na firamare ta tsaya.

Jego

Inna ce ta karɓi wankan, tunda babu uwa. Sai da ta sayar da akuyarta ta sayi itace, don kada a ce surukarta ta rasa mai kula da ita. Kafin a kira assalatu ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ruwa ya tafasa da ganyen darbejiya, a shiga bayan gida a yi ta fyaɗawa har jiki ya yi jawur. Da yamma a maimaita. A fito a tarar da kunun kanwa a kwano, mai kauri, a ce ta shanye don nono ya kawo, ciki ya wanke. Ɗaki a rufe, garwashi a kasko, a cikin watan da ko mai lafiya gumi yake.

Bayan suna da 'yan kwanaki ƙafafunta suka fara kumbura. Idan ta ɗauko buta daga bakin rijiya sai ta tsaya tana haki. Kwanciya ta gagara, sai a zaune take kwana, ta jingina da bango da filo biyu, tari na taso mata cikin dare. Inna ta duba ta ce sanyi ne ya shige ta. A ilimin da ta gada, kumburin maijego alamar wanka bai ratsa ba ne, maganinsa kuwa a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Haka aka yi, da kyakkyawar niyya, har mako biyu.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan hoto. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun yi nazarin mata fiye da 200 a Zariya masu wannan ciwo, suka ƙiyasta cewa yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. Sun lura yana ƙaruwa a watannin zafi da laima, suka danganta shi da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da kuma kanwa, wadda ke cike da sinadarin gishiri mai tara ruwa a jiki. Tun daga lokacin, duk ɗalibin aikin lafiya a Arewa da wannan bayani ya tashi, kuma da shi muke yi wa tsofaffi faɗa.

Sai dai a 2020 an wallafa wani babban bincike da aka yi a asibitoci da dama na Najeriya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano. Shi ma ya tabbatar cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma. Amma da aka kwatanta masu ciwon da masu jegon da ba su da shi, wankan zafi da kunun kanwa ba su ne suka bambanta su ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, rashin karatun boko, rashin aikin yi, da hawan jinin ciki. Wannan ya kamata ya sa mu sassauta harshe. Ba ina cewa kanwa ta zama lafiya ba ne. Ga zuciyar da ta riga ta gaji, kanwa da ruwan zafi ƙarin kaya ne, kuma dole a daina. Amma ɗora laifin duka a kan tukunyar Inna ya yi sauƙi da yawa. Matar nan ta shiga ciki na bakwai a rame, tana ciyar da yara kafin ta ci, jininta a sama ba magani. Tukunyar ta tarar da aiki ya yi nisa.

Daren da numfashi ya sarƙe mata, ƙanin mijinta ne ya aro mota. Daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, Kwangila, Samaru, har asibitin koyarwa da ke Shika. Aka sa mata iskar taimakon numfashi, aka yi allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari, aka yi hoton zuciya, ta yi kusan mako biyu a gado. Ta tashi. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, tashin nan da tsada ya zo. Ta roƙi uwar adashe aka ba ta ɗauka kafin layinta, wanta ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka sayar da 'yan kunnenta da wasu kwanukan jere.

An sallame ta da magunguna kala biyar da umarni masu kyau: ban da gishiri, ban da kanwa, ban da wankan zafi, ban da aikin wahala, ta dawo ganin likita, kada ta sake ɗaukar ciki yanzu. Kowane ɗaya daga cikinsu gaskiya ne. Amma a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a shiga da su gidan. Tukunya ɗaya ake ɗorawa wa mutum goma sha, da gishiri da ɗunƙule, wa zai ce a yi mata tata daban? Ta ɗauki adashe, zubi na jiranta duk Juma'a, yaya za ta ajiye allura? Wanka kuwa, ta kalli tsohuwar da ta sayar da akuya dominta ta ce mata likita ya ce abin da kika yi min ne ya kusa kashe ni? Ba ta faɗa ba. Aka ci gaba da wankan har arba'in ta cika.

Abin da aka gani a karo na biyu

'Yarta ta fari, yarinya 'yar shekara 14, ita ta rako ta wurinmu, da jaririn a bayanta. Awon jini ya nuna 170 bisa 110, ƙafa ta sake hawa, idan ka danna yatsa sai ya bar rami. Na ce a miƙo min ledar magani, na zazzage a tebur. Wasu ƙwayoyin an ɓare su biyu da wuƙa, don na wata ɗaya ya kai wata biyu. Maganin fitsarin kuwa kusan ba a taɓa shi ba. Dalilinsa ban taɓa kawo shi a raina ba sai da ta faɗa: bayan gidan yana can ƙarshen gida, sai an ratsa sashen mazan gidan, ga ruwan sama, ga duhu, ita kuma ba za ta iya zarya ana kallonta ba.

Wani abu kuma ya tsaya min a rai. Jaririn ya yi ta kuka, yarinyar ce ke jijjiga shi, uwar ko waiwaye ba ta yi ba. Da aka miƙa mata shi ta ba shi nono, bango take kallo.

Na ce, "'Yar uwa, yaya jikin?"

Ta ce, "Da sauƙi, Sista."

Kowa haka yake cewa, ko yana bakin kabari. Na sa yarinyar ta fita da jaririn, na ja labule, na matso da kujera. Na ce, "Ba jikin nake tambaya ba yanzu. Kina samun barci?"

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Sista, rabona da barcin kirki tun rasuwar Innata. Dare na yi sai lissafi. Zubin adashe, kuɗin magani, na makarantar yara. In na rufe ido sai ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku." Ta goge fuska da gefen hijabi. "Na zame wa kowa kaya. Malam yana can yana wahala, wana ya bar iyalinsa yana min hidima. Wani lokaci sai in ga da na bi ta, da kowa ya huta."

Akwai wasu tambayoyi 10 da aka tsara a Edinbura a 1987 don gano ciwon damuwar bayan haihuwa, ana amfani da su a ƙasashe da yawa. Na bi mata su da Hausa a hankali. Makinta ya wuce iyakar da ake tura mutum ga likita, kuma amsarta ga ta ƙarshe, wadda ta shafi tunanin cutar da kai, ta isa a ce kada a bar ta ta koma gida haka nan. A ranar likita ya gan ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A gidan su maijego kuwa wata fassara aka yi wa shirunta da ƙin cin abinci da zubar hawaye ba dalili. An ce iska ce ta shafe ta, tunda dama ana ganin maijego a buɗe take ga irin waɗannan abubuwa. Aka kira malami yana mata ruƙiyya, ana hayaƙi da magariba. Ban raina wannan ba, kuma zan dawo kan malamin.

Ta hanya biyu damuwar ke cin zuciyar matar nan. Ta farko a cikin jini take. Mutumin da ke cikin fargaba, jikinsa na sakin sinadaran adiranalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. An halicci wannan ne don ɗan lokaci, a gudu daga haɗari a huta. Idan ya zama kullum, dare da rana, wata da watanni, jini ba ya sauka. A al'ada cikin barci hawan jini ke raguwa zuciya ta sarara, wadda ba ta barci kuwa ta rasa wannan hutu. Hanya ta biyu a hali take. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa majinyaci mai ciwon damuwa ya ninka wanda ba shi da shi sau uku wajen rashin bin umarnin likita. Ba taurin kai ba ne. Wadda ta yanke a ranta cewa ita kaya ce, ba za ta buɗe baki ta ce maganina ya ƙare ba. Bai wa irin wannan mata ƙwayoyi a mayar da ita gida kamar ɗiban ruwa ne da rariya.

Tun 1948 tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce lafiya ta haɗa jiki da tunani da zamantakewa, kuma a 1977 wani likitan Amurka, George Engel, ya yi fitaccen rubutunsa yana kira ga likitoci su riƙa duba ukun tare. Duk mun karanta wannan don cin jarrabawa. A ɗakin duba marasa lafiya, inda mutum hamsin ke jira a benci, tambayar da ke fara faɗuwa ita ce ta gida.

Abin da aka yi

Likita bai canza manyan magungunan zuciyar ba. Ya dai mayar da waɗanda za a iya zuwa masu sauƙin kuɗi, ya ce a sha na fitsarin da sassafe don aikinsa ya ƙare kafin dare, ya ƙara maganin damuwa wanda mai shayarwa za ta iya sha. Sauran aikin a cikin gida aka yi shi.

Da izininta na je wurin Inna. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata sannu da hidima, na ce duk unguwa an san abin da ta yi wa surukarta. Ban ambaci wanka da sunan laifi ba, tunda arba'in ta riga ta wuce, tonawa ba zai ƙara komai ba sai gaba. Na ce, "Inna, zuciyar 'yarki ce ta gaji, kuma likita ya ce ba wanda zai iya riƙe maganin nan sai babba. Ni ban ga babban da ya wuce ki a gidan nan ba." Ta gyara zama ta ce, "To 'yar nan, ai sai ki nuna min." Daga ranar ledar magani ta koma ɗakin Inna, a cikin wata tsohuwar langa. Ba ta iya karanta rubutun boko ba, amma da kala da girma ta haddace su, kuma ba ta taɓa tsallake lokaci ba. Ita da kanta ta kafa dokar a ɗebi miyar maijego kafin a sa gishiri da ɗunƙule. Abin da suruka ba za ta iya roƙa ba, uwar miji da kalma ɗaya ta zartar. Aka kuma sayo fo aka ajiye a ɗaki.

Mijin ya ba ni tausayi. Da na kira shi na yi masa bayani, shiru ya yi, sannan ya ce, "Wallahi Malama, kullum na bugo sai ta ce min da sauƙi." Shi yana ɓoye mata cewa wani lokaci a shago yake kwana da yunwa, ita tana ɓoye masa cewa tana ɓare ƙwaya biyu. Kowa na tausayin kowa, ciwo na cin gaba. Ya zo ya yi mako guda, aka zauna da wanta, wan ya ɗauki kuɗin magani na wata-wata a matsayin abin da aka tsayar, ba sai ta roƙa ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a wurinta. Ya kuma fara neman yi mata rajista a shirin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kaduna, KADCHMA. Uwar adashe, da ta ji halin da ake ciki, ta tara matan suka yarda a raba zubinta biyu a tsawaita lokacin.

Malamin ruƙiyya shi ma an same shi. Ya saurara da kyau, ya ce ai neman magani umarni ne na addini, kuma a gaban mutanen gidan ya ce addu'a za ta ci gaba, maganin asibiti ma kada a kuskura a ajiye shi. Hayaƙin ne kawai muka roƙa a daina saboda numfashinta, ya amince. Maganarsa ta yi abin da tawa ba za ta yi ba, domin ta cire wa maganin damuwar sunan maganin mahaukata.

Sai zaman hira. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma duk da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba a sa ran kowace maijego za ta samu ƙwararre. Amma an gwada wata hanya a karkarar Rawalpindi ta Pakistan, inda aka horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa su riƙa zama da masu ciki da masu jego suna taya su warware tunani. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna bayan wata shida kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. Irin wannan zama muka riƙa yi da ita. Babu wani abin mamaki a ciki. Ta faɗi tunanin da ke hana ta barci, mu ɗauke shi mu juya: da gaske ne kin zama kaya? Wa ya riƙe gidan nan da allura shekara guda? Mu tsayar da ƙaramin abu ɗaya da za ta yi kafin zama na gaba, ko da fitowa tsakar gida ne da hantsi ta yi wa jaririn wasa. A zama na uku ne ta yi kukan mahaifiyarta, kukan da aka hana ta tun tana da ciki, ta yi shi har ya ishe ta. Bayan nan muka nemi ƙanwar mahaifiyar da ke Tudun Jukun, ta fara zuwa duk mako tana yini.

Inda aka kwana

Bayan kamar wata huɗu jininta ya daidaita a wajen 130 bisa 80, kumburi ya tafi, tana kwana a kwance, ta koma aikin riga kaɗan-kaɗan. Hoton zuciya na biyu ya nuna ƙarfin bugun ya ƙaru, sai dai bai koma daidai ba. Lamari ɗaya ba ya zama hujja a kan kowa, kuma akwai matan da zuciyarsu ke farfaɗowa da magani kawai. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, magungunan zuciyar da ta sha ta samu sauƙi su ne dai waɗanda ke cikin ledar ranar da ta zo ƙafa a kumbure.

Abu biyu ba su warware ba. Na farko tazarar haihuwa. Likita ya faɗa musu ƙarara cewa mace mai wannan ciwo, idan zuciyar ba ta gama komawa daidai ba, wani cikin na iya zama ajalinta. Mijin ya yarda da shekara biyu, aka sa mata maganin tazarar haihuwa irin na hannu. Abin da zai biyo bayan shekara biyun ba a tsayar ba, Inna kuma ba a gaya mata ba, don su biyun sun ce ba za su iya ba.

Na biyu ya fi damuna. Yarinyar da ta rako ta, tun daren da aka tafi Shika ba ta sake taka makaranta ba. Ita ce girki, ita ce raino, daga baya aka ɗora mata tallan ƙuli-ƙuli don a cike rabin zubin adashe. Tana aji uku na ƙaramar sakandare, shekarar jarrabawa, ta rasa ta. Yanzu an fara maganar wani ɗan uwan babanta ya nuna yana so. Duk wanda ya karanta abin da Harrison ya gano a garin nan da abin da binciken 2020 ya sake nunawa, ya san hanyar da aka ɗora yarinyar nan a kai, ita ce wadda uwarta ta biyo. Na faɗa wa maijego haka ba tare da kwana-kwana ba, ta ce ita ma abin na ranta, amma maganar ba a hannunta take ba. Kawun yarinyar ya ce zai ɗauki kayan makaranta da kuɗin jarrabawa idan uban ya amince ta maimaita ajin. An aika wa uban, ya ce a bari sai ya zo hutun Sallah a zauna da Inna.